Ranar da Injin Wankin Rabi Ya Ƙi Zubar da Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗan ƙanwata Rabi ba, ko da zan yi tsufan da zan riƙa rikita sunayen 'ya'yana. Har yau in aka ce "Kabo" sai gabana ya faɗi. Kuma ba wanda ya ja mini, ni na ja wa kaina, da bakina da wani baƙin kishi da na daɗe ina ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi ina kiransa faɗin gaskiya.

Sai na gaya muku matsayina a gidanmu kafin ku gane. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, Rabi kuma ita ce auta. Inna mutuniyar da ce, ba ta kiran sunan ɗan fari. Ni "ke" ce, in ta ji daɗi ta ce "yarinyar nan" (ina da 'ya'ya huɗu fa, babbar har ta fi ni tsawo). Rabi kuwa sunaye gare ta kamar 'yar sarki: Rabi'atu, Auta, Shalele. Da aurenta da komai, in ta zo gida sai ta miƙe ta ɗora kai a cinyar Inna. Ni ko zazzaɓi ne ya kayar da ni, sai dai Inna ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce "ya mai jiki", kamar maƙwabciya.

Amma ina da abu guda da ba wanda ya taɓa haɗa shi da ni: wankin Inna. Gidan aurena a nan cikin Gwarzo yake, ba nisa da gidanta, don haka tun rasuwar Baba duk Asabar ina can. In jiƙa, in saɓa, in cuɗa, in ɗauraye, fararen in sa musu bula daidai, in shanya, in sun bushe in ninke in kai mata bakin gado. Sai ta ɗauki mayafi ɗaya ta sunsuna. Ba za ta kalle ni ba, bango take kallo, sannan ta ce:

"Allah ya yi wa hannun da ya yi wannan albarka."

Shi ke nan. Wannan 'yar maganar nake ɗauka in tafi da ita gida, ta ishe ni har wata Asabar. Na san da ni take, ta san na sani.

Ana haka sai mijin Rabi, Malam Sani, wani malamin makaranta mai sanyin hali a Kabo, ya tashi ya saya mata injin wanki da ta samu cikin ɗanta na biyu. Irin mai baki biyun nan, gefe guda na wanki, gefe guda na matsa. Inna ta je duba ta, ta dawo da labari. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya sha.

"Kin ga abin kuwa? Ki zuba ruwa, ki zuba kaya, ki murɗa, ki koma ki zauna abinki. Kai, Bature bai bar komai ba sai rai."

Na yi dariyar yaƙe na ce, "Ikon Allah." Asabar ta zo, na tafi da sabuluna, na duba bayan ƙofa inda take tara wanki, wayam.

"Inna, ina kayan?"

"Na ba direban Kabo ya kai wa Auta. Ta ce in daina wahalar da mutane."

Mutane! Jama'a, ni ce mutane. Shekara da shekaru ina duƙe a kan baho, rana ɗaya na zama mutane. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga kaya sun dawo a leda, a ninke. A gabana Inna ta sunsuna, ta ɗauki waya ta kira Kabo, na ji da kunnena:

"Allah ya yi miki albarka, Rabi'atu."

Da suna, kai tsaye, babu kallon bango. Don me? Don ta murɗa wani abu da yatsa biyu ta koma ta kwanta. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na yi kuka a hanyar gida, kuma ba kukan kirki ba, kukan kishi.

Daga ranar na ɗaura yaƙi da injin da ko ganinsa ban taɓa yi ba. A gidan biki, a gidan suna, a bakin famfo, ni ce mai wa'azi. Inji ba ya wanki, jiƙo yake yi. Inji yana cinye zaren atamfa. Wuyan riga da hammata sai hannu. Na ce ko kyauta aka ba ni, kajina zan sa su riƙa ƙwai a ciki. A gaban Inna na buga ƙirji na ce ko tsumma nawa ba zai taɓa shiga cikin wannan abu ba (Allah ya so ni ban ce wallahi ba, da yanzu ina cikin kaffara). Baban yara, bawan Allah, da ya ga na cika maganar inji, ya ɗauka so nake, ya ce in an yi girbi zai yi ƙoƙari ya saya mini. Na ce Allah ya kiyaye, me zan yi da shi? Sannan na shige ɗaki na ciji yatsa har sai da ya yi shaida.

To, Rabi ta haihu, namiji. A matsayina na babbar yaya na haɗa kaya na tafi Kabo in zauna mata har suna: dafa ruwan wanka, dama kunun kanwa, karɓar 'yan barka. A nan na fara haɗa ido da abokin gabata. Yana wata 'yar rumfa a bayan kicin, fari tas, an lulluɓe shi da leshi kamar amarya. Tiyon da yake zubar da ruwa yana rataye a gefensa, in za a zubar sai a sauke shi a bakin rariya. Duk sanda aka kawo wuta Malam Sani ya zo ya zuba kayan jariri, ni kuma in juya baya in yi kamar ina tsintar shinkafa. Amma wutsiyar idona tana kansa. Kafin kwana uku na haddace komai: inda ake murɗawa ya yi wanki, inda ake murɗawa ya zubar, ko ludayi nawa na garin sabulu.

Ana jibi suna, da hantsi, shaiɗan ya samu sa'ata. Malam Sani ya tafi kasuwa neman rago. Rabi ta sha wanka ta sha kunu, barci ya kwashe ta ita da jaririn. Gida tsit. Sai ga wuta. Na dubi injin, injin ya dube ni. Na ce a raina, ai ba amfani zan yi da shi ba, laifinsa zan kama. Yaya mutum zai yi ta kushe abu bai gwada ba? Wannan ai adalci ne.

Da gudu na shiga ɗaki na kwaso kayan da na cire, zannuwa da riguna da hijabi, a dunƙule, ko kakkaɓewa ban tsaya yi ba. Na jawo ruwa bokiti-bokiti na zuba, na sa sabulu, na yi bisimilla na murɗa. Da ya fara guɗ-guɗ-guɗ sai da na daka tsalle, na ruga na ja wa Rabi ƙofa. Na dawo na tsaya a kansa ina kallo kamar ɓarauniya a bakin tukunyar nama. Da lokacin ya cika ya saki wata ƙara, na faɗa kansa na rungume shi ina cewa "yi shiru, don Allah yi shiru". Na sauke tiyo, na murɗa, ruwan ya fita, ko da yake can wajen ƙarshe ya ɗan yi gardama, yana tsiyaya a hankali. Ban kula ba. Na ɗauraye, na matse, na goge injin tas, na mayar masa da leshinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai? Wankin ya fita. Na ɗaga farin hijabina a rana ina neman datti ko na rantsuwa, babu. Har wani tsohon tabon manja da na haƙura da shi ya dusashe. Da na samu laifi da na huce, amma sai na ji kishin ya ƙaru.

Rabi ta tashi ta leƙo, ta ga igiya cike da shanya.

"Kai Yaya, har kin yi wanki? Ji haske! Gaskiya hannunki daban ne."

Ni kuma, maimakon in yi shiru in gode wa Allah da ya rufa mini asiri, sai na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Ai shi nake gaya muku kullum ba ku ji."

Washegari jajibirin suna Inna ta iso daga Gwarzo, da ƙunshin wankinta a hammata, ciki har da farin mayafin da za ta yafa ranar suna. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Auta, a jefa mini waɗannan a abin nan naku tunda akwai wuta." Ina tsaye a wurin da hannuwana biyu lafiyayyu, ko kallona ba a yi ba. Malam Sani ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi kayan da rawar jiki ya nufi rumfa.

Ina yanka albasa na ji injin ya gama. Na ji shiru. Na ji Malam Sani yana murɗa wani abu ƙas, ƙas, ƙas. Can ya ce, a hankali, "Rabi, zo ki gani. Ya ƙi zubar da ruwa."

Wayyo daɗi! Ban san sanda na ajiye wuƙa ba. Abin nema ya samu. Na ɗaure fuska na sa mata alhini na ƙarya, na taka zuwa rumfa ina cewa "Subhanallahi, me ya faru?", alhali a cikina guɗa ake yi. Ga ruwa nan cike taf, ya yi baƙi-baƙi, mayafin Inna yana yawo a ciki. Tiyo yana kwance a bakin rariya, ko ɗigo babu.

Maƙwabciyarsu Maman Joy, wata malamar firamare 'yar Jos da ta shigo taya mu gyaran kayan miya, ita ma tana da irinsa, sai ta matso.

"Malam, ka tabbata ka murɗa shi zuwa wurin zubarwa? Wani lokaci yana tsayawa a tsakiya."

Ya mayar, ya sake murɗawa. Shiru.

"To duba tiyon, ko ya lanƙwashe ta baya."

Aka ja injin gaba, aka miƙar da tiyon tun daga gindinsa, aka kwantar da shi ƙasa sosai. Shiru. Aka zaro 'yar ragar da ke tace datti, aka wanke, aka mayar. Shiru. Malam Sani ya ɗaga bakin tiyon ya hura da dukkan ƙarfinsa har idonsa ya yi ja, ruwan ya ɗan yi ɓul-ɓul daga ciki, ya sake kwantawa. Duk gwajin da ya faɗi sai in ce "Ash!" da baki, a zuci kuma in ce alhamdulillahi.

Inna ta fito tana dogara bango. "Yanzu mayafin nawa fa? Gobe da me zan fita?"

Wannan tambayar nake jira tun watanni. Na naɗe hannun riga.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Ai kafin a ƙera inji an halicci hannu."

Na tsamo kayanta ɗaya bayan ɗaya, na ja baho har tsakiyar gida inda kowa zai gani, na zauna a kujera 'yar tsugunno na fara. Ban taɓa wanki da salo irin na ranar ba. Ina cuɗawa kumfa na tashi, ina ɗaga mayafi sama ina karkaɗawa, ina 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Inna ta zauna a tabarma tana kallo, can na ji ta ce, "Uhm. Na gado dai na gado ne." Jama'a, kaina ya kusa taɓa rufin kwano. Rabi tana bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, idonta ya yi rau-rau. Na gani, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Da a nan na tsaya, da na ci riba. Malam Sani ma ya haƙura. Ya zare wayar injin daga bango, ya ce, "Bari a kwashe ruwan da moɗa a bar shi. In an gama suna sai in nemo mai gyara a tsanake." Da an yi haka, da wani baƙo ne zai buɗe shi wata rana ba na nan, ya ga abin da zai gani, ya jefar a bola. Amma ina! Mai kishi ba ya ƙoshi. Ban gamsu a ce inji ya lalace ba, so nake a ce Rabi ce ta lalata shi, kuma a gaban Inna.

"Haba Malam," na ce daga kan baho, "wane irin mai gyara? Wannan ai toshewa ce, wani abu ne ya shige. Buɗe shi kawai mu gani. Ai matsalar yaran yanzu ke nan, son jiki. Mace ta kwaso kaya a dunƙule ta antaya, ba dubawa, ba kakkaɓewa. Mu da aka koya wa wanki, ko aljihu ba ma bari sai mun zazzage."

"Yaya, ni fa tun da na haihu ban taɓa shi ba," in ji Rabi.

"To ai yanzu za a gani. Duk abin da ya fito, mai shi ba zai ɓuya ba. Ni dai abin da na sani, ƙazanta da sakaci ba su da wani suna."

(Ku lura, "mai shi ba zai ɓuya ba" na ce. Da bakina. Ba wanda ya tambaye ni.)

Malam Sani yana jin nauyina ƙwarai, ko ido ba ya haɗawa da ni, don haka da na matsa bai iya musu ba. Aka kwashe ruwan da moɗa har ya kusa ƙarewa. Ya ɗauko sukudireba ya kwance murfin baya. Maman Joy ta nuna masa wani baƙin murfi mai zagaye can ƙasa, inda tiyon ya haɗu da cikin injin, ta ce nan nata ya taɓa toshewa da safar yaro. Ni na taso da kumfa a hannu na karɓi wayarsa ina haska masa. Ni na ce a matso wa Inna da kujera don ta gani da kyau. Ni na tara roba a ƙasa.

Ya murɗe murfin, ragowar ruwa ya tsiyayo, ya zaro wata roba mai ƙarfe a nannaɗe, ya zura yatsa.

"Akwai abu kam," ya ce.

"Ai na faɗa!" na ce, ina waigen Inna.

Ya lanƙwasa wata 'yar wayar ƙarfe ya ƙwaƙulo. Da farko dunƙulen zare ne da datti. Sai bakin wani abu ya leƙo, ya kama ya ja. Ƙananan duwatsu ne a jere a tsinken zare, sun sha kumfa da dauɗa. Ya ja, suka biyo. Ya ƙara ja, suka ƙara biyowa.

"Innalillahi," in ji shi, "carbi ne!"

Ya ci gaba da ja. Abu ya ƙi ƙarewa. Ya miƙe tsaye yana ja, hannunsa ya kai sama, har yanzu da saura a ciki.

"Kai," in ji Maman Joy, "wannan ai irin mai dubun nan ne."

A daidai nan hasken wayar ya faɗa kan wasu jajayen duwatsu guda uku a tsakiyar baƙaƙen. Na san su kamar yadda na san yatsuna. Sai komai ya dawo mini: jiya da asuba ina duƙe ina hura wutar ruwan wanka, abin ya matse ni, na shiga ɗaki na cire, na cusa a cikin zanen da na tuɓe, na ce anjima zan adana. Zanen da na kwasa a dunƙule. Jigidata ce. Tsinkewa ta yi wuri guda, ruwa ya ja ta ƙasa. Kuma ba laifinta ba ne da ta ƙi ƙarewa, ƙuguna ne ba na wasa ba.

Malam Sani kuwa, mutumin kirki, ya tsoma ta a ruwa mai kyau ya wanke da girmamawa, yana istigfari don abin ambaton Allah ya kwana cikin datti. Ya goge da bakin rigarsa. Ya naɗe, ya durƙusa a gaban Inna, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Inna, a yi haƙuri. Ina jin carbinki ne ya biyo kayan."

Inna ta karɓa. Ta juya shi a tafin hannu, ta shafa jajayen nan uku da babban yatsa.

"Ba carbi ba ne, Malam."

Ya dubi abin, ya dubi Inna, sai na ga kunnuwansa sun motsa. Ya gane. Ya waiga wajen matarsa cikin tashin hankali, a zatonsa kayan sirrin ɗakinsa ya miƙa wa surukarsa da hannu biyu. Ni kuma, don ku san kishi ba shi da kunya, har na buɗe baki zan ce "Rabi kin gani ko?" Sai Rabin ta riga ni.

"Kar ka kalle ni. Ni da na yi wata tara da ciki, ina na ga ƙugun sa jigida?" Sai ta matso ta leƙa hannun Inna. Ta ɗago a hankali. "Inna, wannan ba taki ba ce ta da? Wadda kika ba Yaya da aurenta, na yi ta kuka kika hana ni?"

Wayar tana hannuna, fitilarta a kunne, ina haska ƙafata.

"Yaya," in ji Rabi, "wankin jiya…"

Ba ta ƙarasa ba. Kowa ya juya ya kalli igiya, inda farin hijabina yake rataye har lokacin, don na ƙi kwashe shi saboda 'yan barka su gani su yaba.

Maman Joy ce ta fara. Ta toshe baki da zane, ta ce wai ta bar tukunya a wuta, tana fita zaure muka ji ta fashe. Malam Sani ya ce, "Bari in duba ragon nan," ya fita da sauri har ya bar takalmi ƙafa ɗaya, kuma ragon ga shi nan ɗaure a tsakar gida yana kallonmu. Rabi ta zauna daɓas a dokin ƙofa tana dariya tana riƙe ciki tana "wayyo ɗinkina". Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Abin da ya fito daga bakina, da muryar da ban san tawa ba ce, shi ne:

"Gwada shi na yi… don in ga laifinsa."

"To kin gani?" in ji Inna.

Na sunkuyar da kai.

Ta aika Rabi ɗaki ta shayar da yaro. Muka rage mu biyu, ni a tsaye da kumfa ta bushe a hannu, ita a kujera da jigida a cinya. Na jira faɗa. Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma kamar kullum ba ni take kallo ba, zaren da ya tsinke take ƙullawa.

"Ke kullum kina ganin an fi son wani. Jigidar uwata, ke na ba. Ni kaina ina kusa da ke, in na yi tari ke kike fara ji, ran da zan mutu ma ke za a fara kira. Ita tana nan ita kaɗai cikin dangin miji, kullum ta kira tana kukan ba ta samun ladana. Na duba abin da zan ba ta, ban ga komai ba sai dattin kayana. Shi ma kin biyo shi har Kabo kin toshe."

Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Tunda nake ban taɓa kawo wa raina cewa Rabi, Auta, Shalele, tana da abin da take kishina a kai ba. Ina can ina ƙirga abin da ke hannunta, ita ma tana nan tana ƙirga nawa. Na durƙusa na ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Ta miƙo mini jigidar ba tare da ta ɗago ba.

"Ungo. Ki ƙara mata zare, ta yi miki kaɗan."

Da yamma Malam Sani ya saci jiki ya dawo ya mayar da komai wurinsa. Aka zuba ruwa, aka murɗa, ya fita shaaa kamar bai taɓa gardama ba. Ragowar kayan Inna da ban kai ga wankewa ba, ni da kaina na kwashe su daga baho na kai wa Rabi, na ce ta sa a injinta. Ta kalle ni, na kalle ta, ta ce, "An kakkaɓe dai ko, Yaya?" Na ce ta ci albarkacin jego.

An yi suna lafiya, sai dai na wuni a kicin ban yarda na fito ba, don duk matar da ta ce mini "sannu da aiki" sai in ga kamar ƙuguna take kallo. Malam Sani kuwa har gobe in ya zo Gwarzo daga zaure yake gaishe ni, kuma na lura in yana jan carbi ya hango ni sai ya cusa shi a aljihu.

Yanzu duk Asabar ni nake ɗaure ƙunshin wankin Inna in kai wa direban Kabo da hannuna. Ba zan ce muku kishin ya mutu ba, ƙarya haram. In na ji Inna a waya tana "Rabi'atu" har yanzu yana ɗan ɗago kai, sai in danne shi. Darasin dai da na koya shi ne, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma 'yar'uwa, in har kin ƙudura sai an buɗe bayan injin wani a gaban jama'a, to ki daure ki shiga ɗaki tukuna ki shafa ƙugunki.